Shin Ko Kun San? Jan Dutse, Farar Azurfa da Gicciyen Agadas

Shin ko kun san ba kowane jan dutse ne yaƙutu ba? Akwai wanda 'yan kasuwar duwatsu ke kira ganet, ja ne mai duhu-duhu, launin zoɓon da ya dahu ya yi kauri. Ido yakan ruɗe da su biyun, amma aljihu ba ya ruɗewa, don yaƙutu ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ya kuma fi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, daimon ke da 10, yaƙutu 9, ganet tsakanin 6.5 da 7.5, gilashin taga kuwa wajen 5.5. Ganet zai karce gilashi, gilashi ba ya iya ramawa.

Ko kun san da kusurwoyinsa yake fitowa daga ƙasa, tun kafin wani ya taɓa shi? Dunƙulalle ake samunsa, da fuska 12 ko 24, a jikin duwatsun nan masu ɓarewa falle-falle, waɗanda zafi da matsin ƙarƙashin ƙasa suka toya har suka sauya kama. Mu nan ba baƙin irin waɗannan duwatsu ba ne: jerin da ya bi ta tsaunukan Kazaure da Roni, sunan Kazaure masana ilimin ƙasa suka sa masa a taswirorinsu. To amma kada wani ya ji haka ya saɓi diga ya nufi dutse. Ko'ina a duniya, mafi yawan ganet tsagagge ne, dishi-dishi, ba ya shiga zobe. Niƙe shi ake yi. Da garinsa ake yin wata sanfefa ta kafintoci, da shi ake tace ruwan sha, a kuma gauraya shi da ruwa mai tsananin ƙarfi a yanka farantin ƙarfe. A Jihar New York ta Amurka tun 1878 ake haƙarsa don wannan aiki.

Najeriya na da nata mai kyau, sai dai ba ja ba ne. A 1999 aka ci karo da shi a yankin Iseyin ta Jihar Oyo, ruwan lemo garau, irin wanda dillalai ke kira Fanta. Namibiya ta riga mu da irinsa a 1991. Mali ta fito da nata a 1994 a yankin Kayes, ruwan ɗorawa mai kore-kore. Kore shar ɗin kuma Campbell Bridges ne ya gano shi a Tanzaniya a 1967, daga baya a Kenya. Duk dangi ɗaya ne, abin da ya ratsa cikinsu ne ya bambanta: ƙarfe ya ba da ja mai duhu, manganis ya ba da ruwan lemo. Abin haushin shi ne namu ɗanye yake fita, a ƙulle a leda, daga kasuwar duwatsu ta Ojoo a Ibadan zuwa Bankok ko Jaipur ko Idar-Oberstein ta Jamus, inda za a fere shi a goge. Can kuɗin yake. Ku riƙe sunan garin nan na ƙarshe, akwai sauran magana a kansa.

Shin ko kun san cewa a ƙarni na 7 na Miladiyya, wanda ya yi daidai da ƙarnin farko na Hijira, manyan Ingila da suka shiga addinin Kirista da zinariya da ganet suke nuna sabon addininsu? Gicciye suke ratayawa a ƙirji, aikinsa kuma sai wanda ya gani. Maƙeri zai kafa ƙananan ɗakuna da siririyar zinariya, ya yanka dutsen falle-falle, kauri bai wuce milimita 1 ba, kowane falle daidai da ɗakinsa. Kafin ya dasa, sai ya shimfiɗa takardar zinariya mai zanen raga a ƙasa, yadda haske in ya ratsa dutsen zai bugi zinariyar ya dawo. Shi ya sa har yau suke walƙiya a gidajen tarihi. Ba lantarki aka yi wannan, ba injin yanka.

Wanda ya fi suna shi ne na wani babban limamin coci mai suna Cuthbert, wanda ya mutu a 687, wato shekara ta 67 bayan Hijira. Sai a 1827, da aka buɗe akwatin gawarsa a Durham, aka tsinci gicciyen a maƙale cikin tufafinsa. Faɗinsa santimita 6 da 'yan kai, kuma da alamar ya taɓa karyewa an gyara.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Wilton, da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan. A tsakiyarsa dinari ne guda na Sarkin Rum Hiraƙla, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Eh, shi dai Hiraƙlan da kuka sani a sira, wanda Annabi (SAW) ya aika wa wasiƙa ta hannun Dihyatul Kalbi. Dalilin irin waɗannan wasiƙu ne ma aka ƙera zoben hatimi na azurfa, da aka ce Rumawa ba sa karanta takardar da ba hatimi. A ruwayar Muslim daga Anas, dutsen zoben na Habasha ne.

A 2011, a Trumpington kusa da Cambridge, an haƙo wata yarinya 'yar kimanin shekara 16 da aka binne a kan gadonta, da gicciyen zinariya da ganet mai faɗin santimita 3.5 a ƙirjinta. Binciken haƙoranta ya nuna ba 'yar garin ba ce, daga wajajen tsaunukan Alps aka kawo ta tana ƙarama. Shekara biyu kafin nan, a Yulin 2009, wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tarin kaya a wata gona a Staffordshire, aka tono gutsattsari kusan 4,600, har da babban gicciyen da aka nannaɗe. Hukuma ta yi wa kayan kuɗi fam miliyan 3.285, aka raba tsakaninsa da mai gona, kayan kuma suka tafi gidan tarihi.

Daga ina Ingila ta samu dutsen? Ba nata ba ne. Da aka auna sinadaran ganet ɗin kayan adon Turai na ƙarni na 5 da na 6, sai aka ga akasarinsa daga Indiya da Siri Lanka ya zo. Da hanyar ta tsuke a ƙarni na 7, suka koma ga na Bohimiya da Fotugal.

To, mu fa? Ko kun san cewa a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani tsakanin Katsina da Daura, akwai manyan da aka binne da jan dutse a jiki? An fara tona kusheyin a 1907 zamanin Sarki Dikko, aka sake a 1992 tare da masana daga Jamus. An samu duwatsun aƙiƙ, kayan ado na zinariya, awarwaron hauren giwa, wuri, da tasar tagulla ƙirar ƙasashen Gabas, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra kuwa, duwatsun ado sama da 165,000 aka ƙirga, na gilashi da na aƙiƙ. Jan dutsenmu na gado ke nan: aƙiƙ, da murjani na teku, da lantana, wanda fataken Hausawa ke ɗaukowa daga bakin Kwara ta arewa su kai Tsohuwar Oyo, daga baya Ilori, a huda a goge. Ganet bai shiga lefen kakanninmu ba.

Shin ko kun san abin da duniya ke kira gicciyen Agadas ba shi da haɗi da coci a wurin masu shi? Faransawa ne suka ga kusurwa huɗu suka kira shi haka. Abzinawa tanaghilt suke ce masa. Zobe ne a sama inda igiya ke shiga, a ƙasa jiki mai ƙaho uku, dama da hagu da ƙasa, kowane ƙaho da ɗan dunƙule a baki. Masu ƙera shi Musulmi, masu sa shi Musulmi, a garin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa, mai tsawon mita 27, aka fara gina ta a 1515, aka sabunta a 1844, UNESCO kuma ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan asalin siffar. Wasu sun kai ta Masar ta Fir'auna, wasu Kartaj, wasu sun ce saura ce ta Kiristancin Barbar na dā, wasu taurari, wasu kuma sun ce a dubi gaban sirdin raƙumin Abzin mai yatsu uku. Har gobe ba su daidaita ba.

Akwai labarin da masu sayarwa ke ba baƙi, wai uba ne ke miƙa wa ɗansa, ya ce ga kusurwoyin duniya huɗu, tun da ba wanda ya san inda zai mutu. Labarin na da daɗi, ni dai ban cika sakin jiki da shi ba. A tsofaffin hotuna a wuyan mata aka fi ganinsa, wani lokaci uku ko biyar a igiya ɗaya, kuma ba matan Abzinawa kaɗai ba, har Hausawan Damagaram da Fulanin daji.

Ga yadda ake yinsa, don a nan gwanintar take. Maƙeri, wanda su ke kira enad, zai ɗumama kakin zuma a gefen wuta, ya murza, ya fitar da siffar da yatsunsa. Sai ya lulluɓe ta da yumɓun da aka kwaɓa da kashin dabbobi, ya bar 'yar ƙofa. In ya bushe a tura cikin garwashi, yaro na kan zugazugi, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa. A narka azurfa a zuba a gurbin. Ta huce, a fasa yumɓun. Tun da sai an fasa ake fitarwa, gida ɗaya ba ya haihuwa sau biyu, shi ya sa ba za ku ga guda biyu na hannu da suka zo daidai wa daida ba. Abin da ke fitowa baƙi ne mai kaushi, ba kyan gani. Sauran aikin na magagari ne, gurza bayan gurza, sannan zane da ɗan ƙarfe mai tsini: ɗige-ɗige, ƙananan da'irori, layuka masu kai da komo. Maƙerin na zaune a ƙasa, 'yar uwar maƙerarsa a kafe cikin rairayi, kayan aikinsa duka ba su cika jakar fata ɗaya ba. Da yawansu sukan sa sunansu a baya da baƙaƙen Tifinag. Maƙeran farfaru na Kano da Katsina su ma sun san aikin kaki, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Ko kun san ba a Abzin ake haƙo azurfar ba? Kuɗi ake narkawa. Wanda aka fi so shi ne riyal ɗin Austiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza: nauyinsa giram 28, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa. Ta mutu a 1780, amma saboda fataken Afirka da Larabawa sun ƙi amincewa da wani, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jiki, ɗaruruwan miliyoyi. Don haka in kun ga 1780 a riyal ɗin da kaka ta bari, ba lalle ne shekarar da aka buga shi ke nan ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, bayan ya biya ta Agadas a 1850, riyal ɗaya wuri 2,500 ake canza shi.

Hanyar fataucin kuwa ta ƙofarmu ta bi. Ayarin Abzinawa da ke sauko da gishirin Bilma ta Damagaram yake ratsowa ya gangaro Kano, ya koma da gero da turkuɗi da baƙin rini. Unguwar Agadasawa na nan a cikin birnin Kano tana ba da shaida. Yau ma daga Yankwashi ta ƙasar Kazaure, in ka hau titin Daura ka ƙetare a Kwangwalam ka bi ta Matamaye, ko ka bi ta Babura ka faɗa Magarya, Damagaram za ka tarar. Daga can zuwa Agadas ta Tanut kilomita wajen 450 ne.

An ce gicciyen Nijar 21 ne, kowanne da garinsa: Agadas, Tawa, Damagaram, Ingal, Iferwan, Timiya, Bilma, Madawa, Abalak, da sauransu. Siffofin da dama tsofaffi ne, amma jera su 21 a kan allo, kowanne da sunan gari a ƙasa, abin ƙarni na 20 ne, kasuwar baƙi 'yan yawon buɗe ido ce ta raya shi. Shaida ma ita ce an ƙara na 22, na tunawa da Mano Dayak, jagoran Abzinawan da ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa.

Shin ko kun san cikinsu duka na Ingal ne ya yi fice da jan dutse? Tanfuk suke kiransa: gidan azurfa a sama, a ƙasa jan dutse mai tsini kamar kan mashi. Baƙo da ya gani yakan ce ganet ne. Ba shi ba ne. Aƙiƙ ne, ko kuma gilashi. Ɗan'uwansa shi ne talhakimt, zobe da kusurwa uku da aka fere daga dutse guda, wanda mata ke ɗaurawa a kitso ko a wuya daga Muritaniya har Cadi.

Nan Idar-Oberstein ta dawo. Asali daga Khambhat ta Gujarat a Indiya ake kawo aƙiƙ ɗin, ya biyo ta Makka da Alƙahira a jakar alhazai da fatake. A ƙarni na 19, Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa kudancin Birazil suka tarar da dutsen birjik, suka riƙa aika wa gida. Nasu toka-toka ne, sai masu fere duwatsu na Idar-Oberstein suka gano dabarar jiƙa shi a ruwan sinadarin ƙarfe a gasa, ya koma ja. Suka kwaikwayi siffofin da Afirka ke so, suka turo miliyoyi, suka ƙwace kasuwar daga hannun Indiyawa. Su ma ba su sha da daɗi ba, don garin Jablonec na Bohimiya ya shiga zuba irinsu da gilashi a araha, haka ma wata masana'anta a Briare ta Faransa. Saboda haka jan dutsen da wata baiwar Allah ta gada a Ingal ko Tawa, tana iya yiwuwa a Birazil aka haƙo shi, a Jamus aka rina shi, a Makka aka saye shi.

Bohimiyar nan dai, wadda yau take cikin Jamhuriyar Cek, ita ce gidan ganet na Turai. Daga Jablonec mai jabun gilashi zuwa Turnov mai ganet na gaske, ko awa ɗaya ba a yi a mota. Nasu ƙanana ne, akasari milimita 2 zuwa 5, amma jansu ba ya dusashewa. Da yake ba girma, sai a cusa su da yawa gab da gab har ƙarfen ya ɓuya. Zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, musamman ƙarshensa, yayinsu ya cika Turai: gicciye, 'yan kunne, awarwaro, mashaci. Turnov ta buɗe makarantar koyon aikin a 1884, ƙungiyar masu sana'ar mai suna Granát kuma aka kafa ta a 1953, tana nan har yau. Abin da masu sayen tsofaffin ba su cika sani ba shi ne, da yawansu ba a kan zinariya aka dasa su ba, gaurayen tagulla ne aka shafa wa ruwan gwal.

Me ya sa Ingila ke da gicciyen shekara 1,300, mu kuwa tanaghilt mai shekara 150 ma sai an tona? Nasu ƙasa ce ta ɓoye shi. Namu a wuya yake, kuma azurfa a wurinmu asusu ce: biki ya zo a narke a sake sabon yayi, yunwa ta zo a sayar. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun raba matan Abzin da kayan gado masu yawa, dillalai suka kwashe a banza. Yau mai son ganin tsofaffin masu kyau sai ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ko Faris, ko Neuchâtel ta Suwizalan inda tarin Jean Gabus yake.

Na zamani kuma ya bi kasuwa. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun kore baƙi daga Agadas, sai maƙeran suka bi su gida: baje koli a Faransa da Amurka, ciniki ta WhatsApp da Instagram. Azurfar yanzu ta 925 ce, ana sayo ta a narke, igiyar fata ta koma sarƙar baƙaƙen duwatsu, ana haɗawa da katakon kanya baƙi, da aƙiƙ kala-kala, wani lokaci har da 'ya'yan ganet da aka fere a Indiya. Wato in kun ga gicciyen Agadas da ganet na gaske a jiki, ku fi zaton sabo ne.

Yaya za a gane na gaske? Ku ɗaga dutsen a rana. In akwai ƙananan kumfa zagayayyu a ciki, gilashi ne. Ku shafa gefe: na zubi yakan bar siririn layi inda bakin mazubin ya haɗu. Ku ɗora a kumatu, dutse ya fi gilashi daɗewa da sanyi. Aƙiƙ haske ba ya ratsa shi tar, yakan kuma nuna jijiyoyi masu lanƙwasa, ganet mai kyau kuwa garau yake. Sannan ga wadda ba kowa ya sani ba: saboda ƙarfe ko manganis ɗin da ke cikinsa, maganaɗisu mai ƙarfi yana jan ganet in ba a dasa shi a komai ba, na Iseyin ma har ya ɗaga ƙarami sama. Yaƙutu ba ya yin haka.

Tsohon tanaghilt ta zobensa ake gane shi, inda igiya ta ci azurfar shekara da shekaru har wurin ya sirance, zanen jikinsa ya lafa. Tsohon kayan Turai mai rufaffen baya kuma kada a tsoma shi a ruwa, don in damshi ya shiga ƙarƙashin dutsen takardar ƙyallin ta yi baƙi, ba ta dawowa. Batun tambari kuwa, tsohuwar azurfar riyal ba ta da lambar 925, kuma ƙarfen buga lambar sayar da shi ake yi ga duk mai so. In kuɗin da yawa, a kai wa 'yan gwal su goga a dutsen gwaji su ɗiga ruwan asid kafin a biya.